Dirhami Ɗari Da Suka Tsayar Da Abu Yusuf Ga Karatu

Malaman tarihi sun ruwaito cewa Abu Yusuf, wanda aka haifa a Kufa a shekara ta 113 bayan Hijira, ɗan matalauta ne. Yana cikin ɗaukar karatu wurin Imam Abu Hanifa, sai mahaifinsa ya janye shi don ya nemi abin masarufi. Da malamin ya daina ganinsa, ya bincika dalili, ya ba shi dirhami 100, ya umarce shi da lizimtar karatu. Bai gushe ba yana ɗauke da nauyinsa har ya ƙoshi da ilmi.

Wannan yaro shi ne ya zama Alƙalin Alƙalai a Bagadaza zamanin Halifa Haruna Rashid, ya kuma wallafa Kitabul Haraji. Ya rasu a shekara ta 182.

Abin lura shi ne, Imamin bai jira roƙo ba, kuma bai bayar sau ɗaya ya janye hannu ba. Yara masu hazaƙa da yawa talauci ne ke raba su da makaranta. Ya kamata kowane mawadaci ya nemi ɗaya daga cikinsu, ya riƙe shi har ya kammala. Allah Ya ba da iko, amin.