TAKEN ABACK: Harafi ɗaya tsakanin "ya yi turus" da "an maido shi"



'Yan uwa, yau ba Larabci za mu yi ba, Turanci za mu ɗan taɓa. Kar wani ya ce me ya haɗa liman da Turanci. Mu da ke zaune a Magama, labarin boda labarin abincinmu ne, kuma galibi da Turanci yake fara fitowa kafin wani ya fassara shi a WhatsApp yadda ya ga dama.

Akwai maganar da Turawa ke yi, taken aback. Da yawa suna karanta ta taken back, alhali hanyar jirgi daban, ta mota daban. Taken back na nufin an mayar da mutum ko kaya inda suka fito. A taken aback kuwa ba inda aka kai kowa, abu ne ya zo wa mutum ba zata har ya rasa ta cewa na ɗan lokaci.

Asalinta maganar matuƙan jirgin ruwa ce, irin na da mai tafiya da iska. Idan iska ta juya kwatsam ta bugo ta gaba, sai ta manne manyan ƙyallayen jirgin a jikin sandarsu, jirgi ya tsaya cak, wani lokaci ma ya ja da baya. Zuwa ƙarni na 19 an riga an ɗora maganar a kan mutum. Shi ya sa a wurina "ya yi mamaki" ba ta ƙoshi a fassara ba. "Ya yi turus" ta fi dacewa, don akwai tsayawar nan a cikinta. Ɗaliban Larabci su tuna buhita, kalmar da ta zo a Suratul Baƙara kan sarkin da ya yi jayayya da Annabi Ibrahim (AS), sai dai ita ta fi nauyi, rasa hujja ce ɗungurungum.

Misali kuwa muna da shi a ƙofar gida. An rufe boda a Agustan 2019, tamu ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. Mutane sun fara shan iska ke nan aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, aka sake garƙamewa har Maris 2024. A ce a irin wannan ranar ka ga an rubuta:

The drivers were taken aback by the closure.

Ma'ana, direbobi sun yi turus da jin an rufe. Amma mai fassara cikin gaggawa ya tsallake wannan ɗan "a" ɗin, sai ya baza cewa an maido direbobi. Mai jiran kaya a Maraɗi ya ce nasa an juyo da su, ya soke ciniki. Iyalan direban da ke Ɗan Isa su kwana ba barci, alhali ko hannunsa ba a taɓa ba.

Alamar gane ta: bayan aback yawanci by ke biyowa da abin da ya jawo mamakin, bayan back kuwa to ke biyowa da sunan wurin da aka mayar da mutum. Kuma an fi yin ta a kan abin da bai yi wa mutum daɗi ba, kamar tashin kuɗin mota ko baƙar magana daga wanda ba ka zata ba.

Wallahu a'alam.