DARASI: DAMO YA ƘI CIN ABINCI, CIWO NE KO LOKACI?

Darasinmu na yau a kan damo yake.

A ƙasar Madarunfa, daga bakin tafki har zuwa dajin Baban Rafi, yara masu kiwo sukan kamo ɗan damo su kawo gida. Wani ya ɗaure shi a gindin itace, wani ya saka shi cikin tsohuwar randa. Bayan kwanaki sai yaro ya zo da hawaye: "Baba, damona ya ƙi ci." Sai a ce a buɗe masa baki a ɗura masa fura ko magani. Sau da yawa wannan ɗuri shi ke ƙarasa shi. Kafin ku yi masa kome, ku fara sanin halinsa.

1. HALIN DAMO

Damo da guza ƴan uwa ne, amma zamansu ya bambanta. Guza tana bin ruwa, ita ce kuke gani a tafkin Madarunfa da gefen Gulbin Maradi. Damo kuwa ɗan tudu ne. Yana kwana cikin rami, ko tsohon suri, ko kogon itace. Babbansa kan kai tsawon wajen mita 1.

Jikin akuya da na kaza yana yin zafin kansa. Jikin damo ba ya yi. Daga rana yake samun ɗumi. In bai sha hantsi ba, cikinsa ba ya narka abinci. Shi ya sa damon da ke jin sanyi ba ya ci, ko da an ajiye masa abin da ya fi so.

Abincinsa a daji shi ne fara, babe, gyare, buzuzu, gwazarma, ƙadandoniya, dodon koɗi, kunama da ƙwai. Ku lura: da yawa cikin waɗannan maɓarnata ne na gona. Damo yana taya manomi aiki ba tare da lada ba.

2. KWANTAN RANI

Ana yi wa damo kirari da sarkin haƙuri. Kirarin yana da tushe. Cikin shekarun 1970 wani masani ɗan ƙasar Senegal, Mamadou Cissé, ya bi rayuwar damo a ƙasarsu, wadda damina da raninta suka yi kama da namu. Ya gano cewa damo yana cin abincinsa ne da damina da kaka, ya tara kitse cikin ciki. In rani ya shigo, sai ya shige rami ya kwanta. Yakan yi wajen wata 6 bai ci kome ba, yana rayuwa da kitsen da ya tara, har ruwan farko ya sauka.

A nan wajenmu damina tana kamawa daga watan Yuni zuwa Satumba. Da hunturu, cikin Disamba da Janairu, sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 15. Saboda haka in babban damo mai ƙiba ya bar ci da hunturu ko da bazara, yawanci lafiya lau yake. Kwantan rani ne yake yi. Ku bar shi ya huta, ku ajiye masa ruwa kawai.

Amma in ya ƙi ci ana tsakar damina, lokacin da fara ta cika gona, to akwai abin dubawa. Haka kuma in ƙarami ne, don ƙarami ba shi da kitsen jure doguwar yunwa.

3. YADDA ZA KU RABE KWANCIYA DA CIWO

Ku samo zare. Ku auna kaurin gindin wutsiyarsa, ku ƙulla zaren daidai wurin. Kowane mako ku sake aunawa da zaren nan. In kaurin bai ragu sosai ba, hankalinku ya kwanta. In wutsiya tana sirancewa da sauri, damo yana ramewa.

Mai lafiya: idonsa garau, yana fitar da harshe, in an taɓa shi ya kumbura ya yi huci ya kaɗa wutsiya.

Marar lafiya: ido ya faɗa, ƙasusuwan ƙugu sun fito, fata ta yi tamoji, yana jan ƙafa. Wani za ku ga majina ko kumfa a hanci, yana numfashi da baki buɗe. Wani kuma dasashi ya kumbura da mugunya, ko kashinsa ya zo da jini ko tsutsa.

4. ABUBUWA SHIDA MASU HANA SHI CI

Na ɗaya, sanyi. Randa da ɗaki mai duhu ba su da hantsi.

Na biyu, tsoro. Sabon kamu yakan yi mako ɗaya ko biyu bai ci ba. In yara suna zagaye shi, kare yana haushi, ba shi da wurin ɓuya, ba zai ci ba.

Na uku, igiya. Ɗaurin ƙugu yana yanka fata, ya yi miki, ƙuda ya bi. Ku kwance igiyar yau.

Na huɗu, abincin da ba nasa ba. Tuwo, fura, nono da ganye ba cimar damo ba ne.

Na biyar, saɓa ko ƙwai. In yana saɓa yakan rage ci na ƴan kwanaki. Mace mai ƙwai, wajen ƙarshen damina da kaka, cikinta ya cika, sai ta bar ci tana neman wurin tono.

Na shida, kaska da tsutsar ciki. Ku duba hammata, gindin wutsiya da kewayen hanci.

5. ABIN DA ZA KU YI

a) Ku yi masa wuri. Ku kewaye fili mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 ko fiye, da bango mai santsi, a rufe sama da waya. Damo gwanin tono ne da hawa. Ku zuba ƙasa mai zurfin rabin mita, mai ɗan danshi daga ƙasa, don ya gina rami. Gefe ɗaya ya samu rana, da faffaɗan dutse na shan hantsi. Ɗaya gefen ya samu inuwa. Kada ku bar shi a rana ba mafaka. Zafin bazara yana kashe shi cikin ɗan lokaci.

b) Ku ba shi ruwa. Ku ajiye kasko marar zurfi, ku sake ruwan kullum. In fatarsa ta bushe, ku zaunar da shi cikin ruwa mai ɗan ɗumi na minti 15, ruwan kada ya wuce kafaɗarsa. Ku tsaya kusa har a gama.

c) Ku ba shi abinci bayan ya sha hantsi, wajen ƙarfe 10 na safe. Ku kawo fara ko gyare masu rai, don motsi ke jawo hankalinsa. Ku zuba, ku ba da wuri. Kada a tsaya a kansa. Abin da bai ci ba, a kwashe da marece.

d) Kada ku kamo fara daga gonar da aka fesa wa maganin ƙwari. Gubar da ta kashe fara za ta kashe damo.

e) Kaska, ku kama ta da hantsaki dab da fata, ku ja a hankali. Miki, ku wanke da dafaffen ruwa mai ɗan gishiri. Kada ku zuba kananzir, kada ku yi masa wanka da maganin kaskar shanu.

6. ABIN DA BA A YI

Kada ku buɗe masa baki da ƙarfi ku yi ɗuri. Abinci kan bi hanyar numfashi. In kuma jikinsa na sanyi, abincin ruɓewa zai yi cikin ciki.

Kada ku ba shi maganin mutane. Farasitamol, da muke sha don ciwon kai, guba ce ga maciji da damo. A tsibirin Guwam, gwamnatin Amurka ta yi amfani da shi cikin matattun ɓeraye don kashe macizan da suka addabi tsuntsaye. Maganin tsutsar awaki ma kada a ba shi sai da izinin likitan dabbobi. In kun ga mugunya a baki, ko kumfa a hanci, ko jini a kashi, ku nemi ma'aikacin kiwo na gundumarku.

Kada kuma ku cika shi da nama mai kitse. Daga Gana, Togo da Benin ana fitar da ƴaƴan damo zuwa Amurka da Turai, inda ake kiwonsu cikin gidaje. Can da yawansu ƙiba ke kashewa, don ana ba su ɓeraye shekara duka, ba damina ba rani.

Duk wanda ya taɓa damo ko kaskonsa ya wanke hannu da sabulu. Kashinsa yana ɗauke da ƙwayar cuta mai sa zawo da zazzaɓi. Kada a ajiye shi kusa da madafa ko wurin wasan jarirai.

7. MAGANI MAFI GIRMA

Damo naman daji ne, kuma akwai doka a kansa. A shekarar 1975 Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya mai suna CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, har da damo da guza. A ranar 29 ga Afirilu 1998 kuma aka kafa doka mai lamba 98-07 kan farauta da kare namun daji. Kafin ku kama ko ku ajiye, ku tambayi ma'aikatan gandun daji.

In kun gyara wuri, kun ba da ruwa da fara, damina ce, aka yi mako biyu bai ci ba alhali ba shi da miki ko majina, kada ku jira ya rame. Ku mai da shi inda aka kamo shi. Ku tafi da hantsi, ku aje shi kusa da suri ko rami, nesa da hanya da karnuka. Ku tafi tare da yaron da ya kamo shi, ya sake shi da hannunsa. Ku gaya masa cewa farar da damon zai ci a can, ita ce da za ta ci hatsin gidanku.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa damo ba ya ci in yana jin sanyi?
2. Cikin waɗanne watanni ne ƙin cinsa ba abin damuwa ba ne?
3. Yaya ake auna ramarsa da zare?
4. Ku faɗi abubuwa uku da ba a ba damo.
5. Wane amfani damo ke yi wa manomi?

Ku karanta darasin nan da ƙarfi a dandali don waɗanda ba su iya karatu ba tukuna. Ku tattauna amsoshin tare da yaranku masu zuwa kiwo. Sai darasi na gaba.