Sana'o'i biyu da ake koyo a makaranta: kula da injuna da tsara cikin ɗaki

1. Ranar da injin niƙa ya tsaya

A garin da na fara koyarwa akwai injin niƙa guda ɗaya tak. Tun da asuba ake jin ƙararsa. Mata da ƴan mata suna jera ƙorensu na gero da dawa, kowa na jiran a zo kansa.

Wata safiya cikin hunturu, injin ya yi wani irin tari, ya fitar da baƙin hayaƙi, ya yi shiru. Mai injin ya juya, ya juya, bai tashi ba. Mata suka kwashe ƙorensu, suka koma ga turmi da dutsen niƙa. Tun daga ranar ƴan matan ajina suka fara makara. Wasu su zo da barci a ido, wasu da kanta a hannu. Uku daga cikinsu suka daina zuwa sam, don aikin gida ya fi ƙarfin uwayensu.

Sai ranar kasuwa mai gyara ya zo daga birni. Ya buɗe injin, ya duba matatar iska, ya tarar ƙura ta toshe ta. Ya taɓa man injin, ya ji ya yi kauri kamar taɓo. Sa'annan ya ce wa mai injin:

— Maigida, wannan injin ba tsufa ya kayar da shi ba. Ƙura ya sha, sabon mai kuma bai samu ba.

Wani ƙarfe ya cinye a ciki, sai da aka aika birni aka nemo irinsa. Injin ya yi kusan mako uku a kwance. Kuɗin da aka kashe ya fi kuɗin man shekara guda. Ɗaya daga cikin ƴan matan nan uku ba ta sake dawowa aji ba.

Yara, kun ga abin da ƙura kaɗan ta jawo. Shi ya sa ake cewa rigakafi ya fi magani.

2. Aikin mai kula da injuna

Gyara iri biyu ne. Akwai wanda ake yi bayan injin ya lalace. Akwai kuma wanda ake yi tun yana da lafiya, don kada ya lalace. Na biyun shi ne babban aikin mai kula da injuna.

Injin yana da maƙiya huɗu: ƙura, zafi, gogayya da tsatsa. Ƙura tana shiga tare da iska, tana cin ƙarfe kamar yadda yashi ke cin gindin tukunya in ana wanki. Gogayya kuwa, ku murza tafin hannuwanku da ƙarfi, za ku ji zafi. Haka ƙarfe biyu ke yi in babu mai tsakaninsu. Zafi in ya yi yawa ƙarfe yakan kumbura ya cije. Tsatsa ita kuma tana zuwa tare da laima.

Saboda haka mai kula da injuna yana share matatar iska, yana canza mai a kan lokaci, yana duba ruwan da ke sanyaya injin, yana ɗaure abin da ya kwance. Yana kasa kunne, don ƙarar injin mai lafiya dabam take da ta marar lafiya. Yana kuma da littafi inda yake rubuta ranar da ya yi kowane aiki, da yawan awoyin da injin ya yi yana juyawa. Wanda bai iya karatu da rubutu ba, yaya zai riƙe wannan littafi?

Ƙasarmu tana bukatar irin waɗannan ma'aikata. A Malbaza, cikin jihar Tawa, ana yin siminti tun shekarun 1960. A Arlit an fara haƙo uraniyom a 1971. A Anu Araren, kusa da Cirozerin, ana ƙona gawayin ƙasa ana samun wutar lantarki tun 1981. A arewa da Damagaram an buɗe matatar man fetur a watan Nuwamba na 2011, wadda aka gina don tace ganga 20.000 kowace rana. A duk waɗannan wurare, in babban injin guda ya tsaya, aikin mutane da yawa ya tsaya. Ko a ƙauye ma akwai famfon ruwa, da injin ban-ruwa na garka, da firjin likita inda ake ajiye allurar rigakafi, da faifan da ke kama hasken rana. Faifan nan in ƙura ta rufe shi, wutar da yake bayarwa sai ta ragu.

3. Abin da ake koya

Da can yaro yakan koyi aikin ƙarfe a maƙera, wurin ubansa, yana zuga yana kallo. Har yanzu wannan hanya tana da amfani. Amma injunan zamani suna zuwa da takardu da zane-zane da lambobi, dole sai da makaranta.

Ɗalibin wannan sana'a yana koyon zanen injin, don ya gane cikinsa tun bai buɗe ba. Yana koyon lantarki, da walda, da sassaƙar ƙarfe, da yadda matsattsiyar iska ko matsattsen mai ke ɗaga kaya masu nauyi. Yana koyon aikin na'urorin sanyi. Yana koyon awo na sosai. Ku dubi abin awonku: tsakanin ƙananan layuka biyu milimetir 1 ne. To, shi yana da ma'auni mai raba milimetir ɗin nan kashi 10. Yau kuma injuna da yawa kwamfuta ke ba su umurni, don haka ita ma sai ya koye ta.

Darasin farko dai shi ne na tsare rai. Ba a taɓa injin sai an kashe shi, an kuma yanke wuta. Ba a zuwa kusa da injin mai juyawa da babbar riga ko da mayafi mai lilo. Ba a kallon hasken walda da ido tsirara. Ba a taɓa wayar lantarki da jiƙaƙƙen hannu.

Ana fara koyon sana'o'in hannu a cibiyoyin koyon sana'a da kwalejojin fasaha. Wanda ya ci jarrabawar BEPC yana iya neman shiga lise ta fasaha, kamar Dan Kasawa ta Maraɗi ko Isa Beri ta Yamai. Bayan jarrabawar BAC akwai karatun shekara 2 ko 3 a manyan makarantu. Ɗaya daga cikinsu ita ce EMIG ta Yamai, makarantar ma'adinai da masana'antu. Rabin koyon a aji ne, rabi a ɗakin aiki, hannu cikin baƙin mai. Kafin ɗalibi ya gama, ana tura shi wata ma'aikata ya yi ƴan watanni a ƙarƙashin waɗanda suka riga shi.

4. Mai tsara cikin ɗaki

Yanzu mu bar injin, mu shiga ɗaki. Wanene cikinku bai taɓa ganin jeren amarya ba? Gwaggo da inna da maƙwabta suna taruwa, su yi daɓe, su shafe bango, su jera tasoshi da kwanoni da faya-fayai, babba a ƙasa, ƙarami a sama. Su ja da baya su duba, su sake gyarawa. Wannan tsara cikin ɗaki ne, uwayenmu kuma sun daɗe da saninsa.

Magina ma haka. A unguwar Birni ta Damagaram akwai gidaje masu zane a bango. A tsofaffin soraye akwai rufin bakan gizo, wanda ake yi da azara da laka, ba ginshiƙi a tsakiya. A garin Yama na jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a da laka a 1962. A 1986 ginin ya sami babbar kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine masu kyau na duniya.

A yau wannan aiki ya zama sana'a da ake koyo a manyan makarantu na ƙasashe da yawa. A birnin Pari na Faransa akwai makarantar Boulle, wadda aka buɗe a 1886, inda ake koyon yin kayan ɗaki da tsara wuri. Mai wannan sana'a ba ado kaɗai yake nema ba. Kafin ya zaɓi launi, sai ya yi tambaya: su wa za su zauna a nan? Mi za su yi a ciki? Ta ina rana ke fitowa, ta ina iska ke shigowa?

Ga kaɗan daga abin da yake koya. Farin launi yana mayar da haske, ɗaki ya yi kamar ya ƙara faɗi. Baƙi yana shanye haske da zafi. Taga biyu masu kallon juna suna sa iska ta ratsa. Tagar gabas da ta yamma suna shigo da rana kai tsaye, ta gabas kuma nan ne hadarin damina ya fi bugowa. Bangon laka mai kauri yana hana zafin rana saurin shiga. Rufin kwano kuwa, in ba a yi masa wani rufi daga ciki ba, ɗaki yakan zama tanda a watan Afirilu. Ƙofa mai faɗin santimetir 90 tana barin keken gurgu ya wuce. A aji, ya kamata haske ya zo daga gefe, kada ya haske allo ya hana ganin rubutu.

Shi ma sai da awo da zane. Ba ya jan gado da kabad yana gwadawa. Yana zana ɗakin a takarda tukuna, santimetir 2 a madadin metir 1. A nan yake ganin ko ƙofa za ta buɗe, ko mutum zai sami wurin wucewa. Sa'annan ya yi lissafin katako da fenti da yadi, ya gaya wa mai gida kuɗin tun ba a sayi kome ba. Yana aiki tare da magini, da kafinta, da mai walda, da mai lantarki, da maɗinki, da baduku.

Ga misali daga ƙasarmu. A Dandaji, cikin jihar Tawa, tsohon masallacin laka ya fara lalacewa. Wata mai zanen gine-gine ƴar Nijar, Mariam Issoufou, da abokiyar aikinta suka tsara sabon masallaci kusa da shi. Tsohon kuwa ba a rushe shi ba. An gyara shi, an sa masa wuraren jera littattafai da na zama, ya koma ɗakin karatu. An gama aikin a 2018.

5. Abin da ya haɗa su

Wasu yara suna zaton wanda ya yi makaranta sai dai ya zauna a ofis. Wasu kuma suna cewa injin na maza ne, ɗaki na mata ne. Duka biyun kuskure ne. Makarantun fasaha suna ɗaukar ƴan mata da samari. Injin bai san hannun mace ko na namiji ba, wanda ya iya kawai ya sani.

Sana'o'in nan biyu tushensu ɗaya ne: lura, awo, lissafi, zane da tsabta. Duka a ajin nan kuke fara su. Wanda ke jan layi a karkace yau, yana cewa ba kome, gobe zai yanke katako ya kasa.

Ma'anar kalmomi

Matatar iska: abin da ke tare ƙura kada ta shiga injin.
Gogayya: murzar abu biyu da juna.
Walda: haɗa ƙarfe da ƙarfe ta hanyar narkarwa.
Azara: itacen giginya da aka tsaga don rufin ɗaki.
Daɓe: ƙasan ɗaki da aka buga ya yi ƙarfi da santsi.

Tambayoyi

1. Mi ya sa injin niƙa ya tsaya? Wa ya fi shan wahalar tsayawarsa?
2. Ku faɗi maƙiyan injin guda huɗu.
3. Mine ne amfanin littafin mai kula da injuna?
4. Don mi ba a zuwa kusa da injin da babbar riga?
5. Waɗanne tambayoyi mai tsara ɗaki ke yi kafin ya zaɓi launi?
6. Mi aka yi da tsohon masallacin Dandaji?

Lissafi

1. Wani mai injin yana samun jika 6 kowace rana. Injinsa ya tsaya kwana 18, ya kuma biya jika 45 na gyara. Nawa ya yi hasara gaba ɗaya?
2. Wani ɗaki yana da tsawon metir 4 da faɗin metir 3. In santimetir 2 yana madadin metir 1, mine ne tsawonsa da faɗinsa a takarda?

Aiki

Ku auna ajinmu, ku zana shi a littafinku. Ku nuna ƙofa, da tagogi, da allo, da gabas. Sa'annan ku je wurin mai injin niƙa na garinku, ku gaishe shi, ku tsaya nesa da injin, ku tambaye shi yaushe ya canza mai na ƙarshe. Ku kawo amsarsa ranar Litinin.