Yadda Ake Daidaita Lambobi a Jerin Sunayen Manoma

Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa kujera ɗaya gare su a Majalisar Wakilai, shi ya sa idan rabon taki ko tallafi ya taso, jerin sunaye uku kan haɗu a teburin ma'aikaci guda. Kowane da irin hannun da ya rubuta shi. Wani ya fara lambar waya da 0803, wani da +234803, wani ya tsittsinka ta da tazara. Manomi ɗaya ne, amma kwamfuta mutum uku take gani.

Kafin komai, ajiye kwafin kowane jeri yadda ya zo, kada ka taɓa shi.

Sai ka buɗe sabon shafi a Excel, ka mai da layukan lambobi su zama Text tun ba ka zuba komai ba. Nan ne akasari ake tafka ɓarna. Excel na ɗaukar lambar waya a matsayin lissafi, sai ya haɗiye sifilin farko, lamba 11 ta koma 10. Wadda ta fara da 234 kuwa, mai lamba 13, ya dunƙule ta ta zama 2.34803E+12. Aka adana fayil ɗin a sigar CSV a haka, ƙarshen lambar ya tafi ke nan, sai an koma takarda.

Daga nan zaɓi siga ɗaya ka tsaya a kanta. Ni na fi son mai sifili, don ita mutane suka haddace. Share tazara, sannan ka ƙirga tsayin kowace lamba da LEN na Excel: waya 11, NIN 11, BVN 11, asusun banki 10. Tunda uku tsayinsu ɗaya, kowacce ta zauna a layinta da sunanta a sama.

Garuruwa ma haka. Sabuwa ko Sabua, a ɗauki ɗaya. 'Yankara da 'Yargoje sai an lura, domin Excel na ɓoye waƙafin saman da ya zo a farko.

A ƙarshe ake tace maimaici, kuma da NIN ake yi, ba da suna ba, don Sani Abdullahi ba ɗaya ba ne a Ƙetare. Lambar da ta gaza, kada a cike ta da ka. A ware ta, a aika wa mai unguwa ya nemo mai ita da katinsa.