Darasin noma: dangin duma

Duma, kabewa, kankana da guna ba su yi kama da juna ba a kasuwa. Amma a gona dangi ɗaya ne. Masana ilimin tsiro suna kiran dangin nan Kukurbitase. Irinsu a duniya ya kai wajen 1000. Manomin da ya san halin wannan dangi zai gane abin da ke hana yaɗo yin ƴaƴa, da abin da ke ɓata iri.

1. Yadda ake gane su

Yawancinsu yaɗo suke yi bisa ƙasa, ko su hau darni da rufin ɗaki. Kusa da gindin ganye akwai wani ɗan zare mai naɗewa. Da shi suke kama abin da za su hau. Ganyen yana da faɗi, sau da yawa da ƙaiƙayi. Ƴaƴan suna da ɓawo daga waje, iri mai yawa daga ciki.

2. Fure namiji da fure mace

Ga babban abin lura. Yaɗo guda yana fidda fure iri biyu. Fure mace yana da ɗan ƙullutu a ƙarƙashinsa. Ƙullutun nan shi ne zai zama kabewa ko kankana. Fure namiji ba shi da ƙullutu, sai gari rawaya a cikinsa. Shi ne yake fara fitowa, ya kuma fi yawa. In ya bushe ya faɗi, ba ciwo ba ne.

Sai garin namiji ya kai ga fure mace kafin ƙullutu ya girma. In bai kai ba, ƙullutun zai yanƙwane ya faɗi. Ƙudan zuma ke wannan aiki da safe. Duma ya bambanta. Furensa fari ne, da maraice yake buɗewa, ƙwarin dare ke kai masa garin.

Don haka kada a tsinke fure namiji wai ba shi da amfani. Kada a fesa maganin ƙwari da safe, lokacin da ƙudan zuma ke cikin garka.

3. Gidajen dangin

Masana sun kasa dangin gida-gida, kamar zuriyar mutane.

Gidan duma: daga gare shi ake samun ƙwarya, ludayi da gora. Duk tsiro ɗaya ne, siffar ƴaƴan ce ta bambanta. Asalinsa Afirka.

Gidan kankana: kankana, guna da agushi. Su ma ƴan Afirka ne.

Gidan gurji: gurji, malo da kokombur. Asalin kokombur ƙasar Indiya.

Gidan kabewa: asalinsa nahiyar Amurka. Bayan shekarar 1492 ya bazu zuwa sauran duniya.

Soso na wanka da garahuni na miya, kowanne da gidansa.

4. Amfanin sanin gidajen

Na farko, tsaron iri. Ƴan gida ɗaya na kusa suna barbarar juna. In kankana mai zaƙi tana kusa da guna, ƙudan zuma za su haɗa su. Kankanar bana ba za ta sake ba. Amma in an shibka irinta baɗi, ana iya samun ƴaƴa masu farin ciki, marasa zaƙi. Haka malo da gurji suke. Kabewa kuwa ba ta barbarar kankana, don gidansu ba ɗaya ba ne. Mai son aje iri ya nisanta su ƙwarai, don ƙudan zuma na tafiya fiye da kilomita 1.

Na biyu, ciwo. Dangin nan abokan gābansu ɗaya ne. Akwai ƙuda mai huda ƴaƴan, ya zuba ƙwai, tsutsa ta ruɓar da su. Akwai ciwon da ke sa ganye fari kamar an barbaɗa toka. A tsince ƴaƴan da suka ruɓe, a bizne su da zurfi. Wurin da aka yi kankana bana, kada a sa kabewa ko malo baɗi. A sa albasa, dawa ko wake, sai bayan shekara 3 a komo.

Na uku, lafiya. Wasu ƴan dangin suna da ɗaci mai tsanani. Ɗacin nan guba ce mai kawo amai da zawo, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Kabewa ko ɗanyen duma in an ɗanɗana an ji ɗaci ƙwarai, a zubar. Kada a ba yara, kada a aje irinsa.

Tambayoyi

1. Yaya ake gane fure mace?
2. Don mi ba a fesa magani da safe?
3. Mi zai faru in an aje irin kankanar da ta tashi kusa da guna?
4. Waɗanne ƴan dangin duma ake shibkawa a wannan gari?