Abin Mamaki a Bakin Ƙofa

Wata rana, a ƙarshen watan Afrilu, na tafi duba makarantu a ƙasar Daura, har tafiya ta kai ni Kongolam, garin nan na Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa da ke daidai kan iyakar Nijeriya da Nijar. Na shiga wani aji, na tarar malam yana ba yara labarin ƙasashe masu nisa, inda ƙanƙara kan rufe gonaki, da inda rana kan yi makonni ba ta faɗi ba. Da ya gama, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, don me duk abin mamaki sai a ƙasar wasu? Mu nan ba mu da kome sai rairayi da jakuna."

Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, gama yaron da ya raina garinsu yana ƙarami, da wuya ya yi masa aiki in ya girma. Na ce masa, "Samari, taso mu fita da kai da 'yan ajinku. In ban nuna maka abin mamaki bakwai kafin azahar ba, ka ce kai ke da gaskiya." To, ga abin da muka gani.

Na ɗaya: Hanya

Muka tsaya a bakin titi. Na tambaye su inda ya nufa. Suka ce kudu Daura, arewa Damagaram. Gaskiyarsu, amma ba nan ya tsaya ba. In ka bi shi kudu, za ka wuce Daura, garin rijiyar Kusugu, inda labarin kakanni ya ce Bayajida ya kashe macijiya. Daga nan sai Kazaure, da Kano, da Kaduna, har Ikko a bakin teku. In kuwa ka bi shi arewa, sai Matamaye, da Damagaram, da Agadas, ka ratsa Hamadar Sahara, har birnin Aljiyas a bakin Bahar Rum. Tsawon wannan hanya duka wajen kilomita 4,500 ne. Ashe titin da akuyarku ke tsallakewa kullum, kansa na bakin wani teku, wutsiyarsa na bakin wani.

Na biyu: Iyaka

Muka matsa kusa da shingen iyaka. Babu kogi a nan, babu dutse, babu ganuwa. Geron wannan gefe da na wancan gefe iri ɗaya ne. To, wa ya raba? Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a kan takarda can a ƙasarsu a shekarar 1890, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, don Faransawa suna neman hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Daga 1906 zuwa 1908 aka bi daji ana kafa alamomi, guda 148, tun daga Kogin Kwara har Tafkin Cadi. Saboda haka a wasu ƙauyukan bakin iyaka za ka ga mutum gidansa na ƙasa ɗaya, gonarsa na wata. Kazarsa ma ta kan kwana a Nijeriya, ta yi kalaci a Nijar, ba mai tambayarta fasfo.

Ga wani abin dariya kuma. A da motocin Nijeriya hannun hagu suke bi, irin na Ingila, na Nijar kuwa hannun dama, irin na Faransa. Direba in ya iso iyaka sai ya sauya hannu, in ya manta kuwa ya gamu da ɗan'uwansa gaba da gaba. Sai ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma hannun dama.

Na uku: Kuɗi da baki

A gindin wata bishiya muka tarar da 'yan canji. Na karɓi sulallan sefa guda a hannun ɗayansu, an rubuta 100 a jikinsa, na tambaye shi nawa ne. Ya ce, "Dala ashirin, ranka ya daɗe." Yara suka ce ya yi kuskure. Bai yi kuskure ba. A Nijar in ana lissafin kuɗi da Hausa, kowane faran biyar dala ɗaya ake ce masa. In ka ga 100, sai ka raba da biyar, ka sami ashirin. Tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, tana yin wannan rabawa da ka, tun kafin ɗan makaranta ya ciro alƙalami.

Mu ma kuɗinmu ya taɓa sauyawa. Kafin ran 1 ga Janairu, 1973, da fam da sule da kwabo ake ciniki: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Haka kuma bakin mutane. Yaron wancan gefe ya kan ce zai tafi lakwal wurin mushe, kai ka ce za ka makaranta wurin malam. Shi ya ari kalmominsa daga Faransanci, kai kuma ka ari ofis da biro daga Ingilishi, amma duk Hausa kuke yi.

Na huɗu: Raƙumi

Muna nan sai ga wani Buzu da raƙumansa. Na ce, "Mene ne a cikin tozon raƙumi?" Duk suka ce ruwa. Wannan zance ne da ake ta faɗi, amma ba gaskiya ba ne. Kitse ne a ciki, shi ne guzurinsa. In ya daɗe bai sami abinci ba, tozon sai ya motse ya kwanta. Ruwa kuwa, in ƙishi ya kama shi sosai, ya kan shanye lita 100, fiye da garwa biyar ke nan, cikin 'yan mintoci kaɗan. Yana iya rufe hancinsa in guguwa ta taso, gashin idonsa kuma jeri biyu ne don tare rairayi.

Dubi tsawon wuyansa. Ƙasusuwa nawa kuke tsammani ke ciki? Bakwai ne kacal. Raƙumin dawa, wanda ya fi kowace dabba tsayi, shi ma bakwai. Kai ma in ka shafa wuyanka, bakwai ne. Bambancin kawai, nasu dogaye ne.

Na biyar: Gawo

Muka shiga inuwar wani gawo mu huta. Sauran itatuwa da yawa sun kaɗe ganye saboda rani, shi kuwa kore shar. Gawo ya saba wa 'yan'uwansa: da rani yake ganye, da damina ya zubar, ya tsaya kamar busasshe. Saiwarsa tana nitsewa can ƙasa ta sha ruwan da sauran ba su kai gare shi ba. Wannan bauɗiya tasa kuwa alheri ce ga manomi. Ganyen yana zuba daidai lokacin shuka ya zama taki, kuma ba ya tare wa gero rana. Da rani dabbobi su ci 'ya'yansa, su huta a inuwarsa, su bar kashinsu a gindinsa. Shi ya sa geron gindin gawo ya kan fi na fili kyau. Wanda ya sare gawo a gonarsa ya kori ɗan ƙodagon da ba ya karɓar lada.

Na shida: Shamuwa

A kan wata kuka muka hangi shamuwa biyu suna ɗaukar kara. Kowa ya san in shamuwa ta zo, damina ta kusa. Amma ina take zuwa da rani? Wani yaro ya ce Makka. A'a, kudu take yi. In ruwa ya ɗauke a nan, sai ta tashi ta yi tafiyar dubban kilomitoci zuwa gabashi da kudancin Afirka, irin su Zambiya da Zimbabuwe, inda a lokacin ake damina. Watau shamuwa damina biyu take ci a shekara. Abincinta fara ne da tsutsa, abokan gaban amfanin gona. Don haka kada ku jefe ta.

Na bakwai: Inuwa

Da muka komo makaranta, rana ta take tsaka, wajen ƙarfe sha biyu da rabi. Yaron nan ya ce, "Malam, shida ne, ga shi azahar ta kusa." Na ce ya kawo taɓarya ya kafa ta tsaye sak a fili. Ya kafa. Na ce, "Ina inuwarta?" Ya duba gabas, ya duba yamma, ya zagaya ta, babu inuwa. Ta shige ƙarƙashin taɓaryar.

Dalili shi ne, duniya a ɗan karkace take zagaya rana. Saboda haka sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai bisa kan mutanen ƙasar Daura: a ƙarshen Afrilu, da kuma bayan tsakiyar Agusta kaɗan. Mutanen Ingila da Faransa, tun da aka halicci ƙasarsu, ba su taɓa ganin haka a gida ba. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Ashe su ma suna iya zuwa kallo wurinmu."

To, yara, duk abubuwan nan bakwai suna nan tun kafin in zo, yaron yana wuce su kullum. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya tsaya, ya duba, ya tambaya. Amma ku lura da zancen tozon raƙumi: ba duk abin da ake faɗi ne gaskiya ba, ko da ya yi daɗin ji. In kun ji abin mamaki, ku tambayi wanda ya sani, ko ku gwada da kanku in zai gwadu.

Tambayoyi

1. Faɗi garuruwa uku da hanyar Kongolam ke bi ta kudu, da uku ta arewa.
2. Me ya faru ran 2 ga Afrilu, 1972?
3. Sefa 500 dala nawa ne?
4. Ta yaya gawo ke taimakon manomi?
5. Don me shamuwa ke barinmu da rani?

Aiki

Ka kafa sanda tsaye a tsakar gidanku, ka auna inuwarta da tsakar rana kowace Asabar har wata uku, ka rubuta abin da ka gani. Sa'an nan ka nemo abin mamaki guda ɗaya a garinku, ka kawo wa malaminku.