Agogon hannunka ba shi ke tashin jirgi ba

Shekara goma sha ɗaya ina yanka wa mutane tikiti da nema musu bizar Umara a nan Kaura Namoda, amma abin da ya sami wani dattijo ɗan Kasuwar Daji a azumin bana har yau yana ci mini rai.

Ɗansa yana haƙar zinare a wajejen Maru. Shekara biyu ya yi cikin rami yana tarin kuɗi, don kawai mahaifinsa ya yi goman ƙarshe a Harami. Ba wurina suka zo ba. Wani mai shagon cajin waya ne ya ce zai samo musu da araha. Ya yanko tikitin Kano zuwa Jidda ta Addis Ababa, ya miƙa musu takarda, ya soke la'adarsa a aljihu. Ko uffan bai ce ba a kan lokaci, don shi kansa bai sani ba. Kowa ya iya latsa waya yanzu ya zama ejan!

Baba ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano lafiya lau. Da suka sauka Addis, ya dubi tsohon agogonsa mai sarƙar ƙarfe, wanda yake duba lokacin salla da shi, ya ga ƙarfe shida. An ce masa jirgin Jidda sha ɗayan dare ne, ya ƙirga da yatsu, saura awa biyar. Ya lura duhu ya yi da wuri, ya ɗauka haka garin nasu yake. Ya yi Magariba da Isha'i, ya ci dabinonsa, ya yi matashi da jakarsa. Ƙarfe goma na agogonsa ya farka ya yi alwala, ya nufi ƙofa a natse. A lokacin sha biyun dare ne a Addis. Jirgi ya yi awa guda a sama. An yi ta kiransa a lasifika, amma yadda suka karanta sunan ko shi bai gane nasa ba ne.

Tsakar dare yaron ya buga mini yana kuka: "Yaya, ka taimaka don Allah, Baba na can ƙasar da bai san kowa ba." Mai cajin waya kuwa ya kashe layinsa. Sai da aka sayar da san huɗarsu aka yanki sabon tikiti. Kwana biyu tsohon nan ya yi kan kujerun ƙarfe da azumi a bakinsa.

Jama'a, lokacin tashi da ke kan tikiti na garin da jirgin zai tashi ne, ba na Zurmi ko Shinkafi ba. Habasha da Saudiyya sun riga mu da awa 2. Dubai awa 3. Ƙasar Sin awa 7, 'yan sarin Guangzhou sun sani. Ghana, Mali da Burkina Faso, inda samarinmu ke zuwa haƙa, mu muka riga su da awa 1. Nijar kuwa agogonmu ɗaya. Masar tana sauya nata da bazara, a tambaya.

Kuna sauka ku gyara agogo da na bangon fili. Ƙaramar waya da babu layi ba ta gyara kanta. A Addis kada ku tambayi mai shara lokaci, su suna ƙirga awa daga fitowar rana, bakwai na safe shi ne ɗayansu. In tikiti ya ce 00:30 ranar Juma'a, daren Juma'a ake nufi irin namu, wato ku isa fili tun ranar Alhamis da dare. Na gaji da faɗar wannan, duk da haka sai mutum ya zo yammacin Juma'a yana rantsuwa an cuce shi. Kada a kwanta nesa da ƙofar jirgi. Ku gyara agogon nan, na sake faɗa.

Mai tura tsohonsa shi kaɗai, don girman Allah ya zaunar da ejan ya rubuta masa lokacin kowane zango da Hausa ko ajami, a saka cikin fasfo. Ejan da ya kasa yin haka, ku karɓe kuɗinku.